Bututun Iska a Mashigin Fakku

Haliru direba mutum ne da Allah bai yi shi don zama wuri ɗaya ba. Ko a masallaci, kafin liman ya shafa addu'a ya riga ya fara laluben takalmi da ido. Motarsa, wata tsohuwa 'yar Kwatano da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Tambuwal da Kebbe, ita ta fi kowa shan wahalar wannan hali. Yau ya canza mata hon, gobe ya liƙa mata shuɗiyar fitila, jibi ya cire fitilar ya ce ta yi ƙauyanci. Motar lafiyarta ƙalau, hannunsa ne ke ƙaiƙayi.

A makon da matarsa Ruwaida ta haihu abin ya ƙaru. Haihuwar fari ce, don haka tana gidan iyayenta a Fakku, can cikin ƙasar Kebbe, kuma 'ya mace aka samu. Mazan gidansu ba sa rawar ƙafa a kan 'yar fari, saboda haka bai je ba, sai ranar suna. Ya zauna a Tambuwal yana cin kansa: ya shiga gida ya fita, ya duba ragon suna, ya koma tasha, ya dawo ya sake duba ragon.

Sunan da zai sa wa yarinyar shi ke hana shi sukuni. Mahaifiyarsa Batula ta rasu bara, kuma tun da ya buɗe ido a duniya bai taɓa furta sunanta ba. Ko fasinja ya ɗauka mai wannan suna, sai dai ya ce mata mai sunan Inna. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ranar suna da safe ya durƙusa kusa da liman, ya raɗa masa sunan da bakinsa sau ɗaya, a mayar masa da Inna gida. Bai gaya wa kowa ba, har Ruwaida.

Ana gobe suna, ƙanen mahaifinsa, Baffa Rufa'i, ya cika bas da mata za su yi gaba. Ya leƙo ta taga.

"Haliru, wane suna za a raɗa ma ɗiyar? Gaya min in tafi da shi."

"Baffa, ku dai yi gaba. Da asuba nika tasowa da rago. In na iso kun ji."

"Mi ka hana ka biyo mu yanzu?"

"Wani ɗan aiki na, ga mota."

Baffa ya dube shi, ya dubi motar, ya ce Allah ya kawo shi lafiya.

Ɗan aikin kuwa kwali ne da aka aiko masa daga Sakkwato a ranar. Ya daɗe yana kallon samarin wasu ƙasashe a waya suna cire akwatin iskar motocinsu suna sa wani dogon bututu mai ƙyalli, wai inji ya sha iska mai sanyi ya ƙara ƙarfi. Mai hankali zai ajiye kwalin sai bayan suna. Haliru ko gida bai kai shi ba, ya wuce garejin abokinsa Zayyanu bakanike, wanda shi ma a son sabon abu ba baya ba ne.

Suka ɗaga bonet a inuwar dogon yaro. Zayyanu ya cire kan batir, ya sassauta kilif, ya zare wayar da ke jikin tsohon bututu, suka ciro baƙin akwatin roba da ya zo da motar suka jefar gefe kamar tsohon kwano. Sabon bututun ya ƙi shiga. Suka juya shi, suka lanƙwasa, suka yanke ɗan guntu, Haliru na riƙe da waya yana maimaita bidiyon, yana tsalma hannu inda ba a sa shi ba har ya ƙuje ɗan yatsa. A ƙarshen bututun ake ɗaura filta, wata jar aba mai siffar mazurari.

"Ina za mu aje ta?" in ji Zayyanu. "Nan sama akwai wuri."

"Sama zafin inji na. Dubi yadda sunka yi, ƙasa suka kai ta, inda iska ka da sanyi."

Suka zura ta ƙasa, bayan bamba, dab da tayar gaba, suka ɗaure tamau. Da Haliru ya murza makulli ya taka totur, motar ta yi wani gurnani mai kauri da ba ta taɓa yi ba. Masu faci da masu shayi suka taso kallo. Ya ɗauki Zayyanu suka je Dogon Daji suka dawo ba don komai ba, sai don su ji ta. Ko ta ƙara gudu, ko kunne ne kawai ya gaya musu haka, Allah masani. Haliru dai ya yi farin ciki na gaske, har ya ɗan manta da abin da ke cin sa.

Da aka idar da sallar asuba ya ɗaure rago a but, ya loda goro da dabino, ya kama hanya. Tun kafin Kebbe ya ga alamar an sha ruwan sama a kudu: gonaki sun cika, gero ya kwanta. Da ya bar kwalta hanya ta zama laka, amma mota na tafiya, shi kuma yana ta gwada sunan a zuci, yana jin nauyinsa a harshe.

A mashigin rafin da ke gaban hanyar Fakku ya tarar da 'yan kabu-kabu sun yi cirko-cirko. Ruwa ja wur yana gudu. Wani makiyayi na ƙetarar da shanu, ruwan bai wuce gwiwarsu ba. Wani dattijo ya ce masa ya ɗan dakata, yanzu zai janye.

Haliru ya yi murmushi. Ya sha ƙetare wannan mashigi da ruwan da ya fi haka, da fasinja cike da mota. Gaskiya ne kuwa, bai yi ƙarya ba. Abin da bai zo masa a rai ba shi ne, a duk waɗancan lokuta motar ta sama take numfashi, ta bakin akwatin nan da ke yashe a garejin Zayyanu. Ya sa giya ɗaya, ya taka totur sosai don mutanen bakin rafi su ji gurnanin, ya faɗa ruwa.

A tsakiya motar ta shaƙe, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ya sake murza makulli, wani abu ya ce ƙwas a cikin inji. Ya fito ruwa har gwiwa, ya ɗaga bonet, ya bi bututun da ido har inda ya nutse. Jar filtar na can ƙasa tana shan rafi.

Mutane suka taimaka aka tura ta tsallake. Ya ɗaga waya sama, ya juya gabas da yamma, babu sabis. A nan ne ya kamata ya bar mota ya nemi babur, amma hannun nan nasa ya sake cin amanarsa. Ya ciro sufana ya kwance filogi, ruwa ya tsarto, ya goge, ya mayar, ya gwada, ya sake kwancewa. Kowane gwaji yana ce wa kansa wannan ne na ƙarshe. Sai da ragon ya yi kuka a but ya ɗaga kai, ya ga rana ta yi sama.

Haka ya shiga Fakku a bayan ɗan kabu-kabu, rago a cinya, farar shaddarsa ta koma kalar laka. A ƙofar gidan surukinsa Malam Bube ana naɗe tabarmi. Maza na watsewa da fartanya a kafaɗa. A jikin bishiya ga wani babban rago rataye ana feɗewa.

Baffa Rufa'i ya tare shi, ya ja shi gefe.

"Mun jira ka har mun ji kunya. Liman na da jana'iza ƙauyen gaba, mutane na da gona. Surukinka ya ja ragonai daga garke yac ce a yanka. Ni da shi munka yi shawara, anka sa mata Khairiyya."

Haliru ya dubi ragon da ake feɗewa. An yanka, an shafa fatiha, maroƙi ya shelanta, mata sun yi guɗa. Wanda zai ce a canza yanzu, da mutumin da ya ba da ragonsa don rufa masa asiri zai yi. Malam Bube ya zo da fara'a ya yi masa sannu da hanya, ya ce a ɗaure ragon da ya zo da shi can bayan gida a ba shi dusa. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Da mata suka ɗan ragu aka shigar da shi ɗakin mai jego. Ruwaida ta dubi kayan jikinsa. Ta miƙo masa jaririyar, ya karɓa da hannuwan da har yanzu baƙin mai ne a farcensu.

"Wane suna kat taho da shi?" ta tambaya a hankali.

"Na Inna."

Ta sunkuyar da kai.

"Shi niz zata. Sai da nic aika a gaya ma Baffa. Yac ce ba a raɗa suna da zato, tunda kai ba ka faɗi ba."

Haliru ya dubi fuskar jaririyar. Yarinyar ta motsa, ta kama ɗan yatsansa. Wata tsohuwa ta ɗaga labule ta leƙo.

"Miƙo Khairiyya, wanzami na jira."

Ya miƙa ta.