Tankin da Ke Saman Ɗakin Auta

Mai walda bai saba tambaya ba. Da mijin Auta, 'yarsa, ya bugo waya ya ce a haɗa masa ƙafafun tankin ruwa, tanki mai kubik mita biyu, tsohon bai ce mene ne kubik ba. Ya tambayi suruki? Allah ya sawwaƙe. Sai ya yi lissafinsa a ka: mita santimita ɗari ce, to kubik lita ɗari ke nan. Biyu, ɗari biyu. Durom guda. Ya ɗauko siraran ƙarafa ya haɗa ƙafa huɗu, ya kafa su jikin bangon ɗakin Auta, sun ɗara kwanon rufi tsawo. Ya tafi tun ba a kawo tankin ba.

Ranar da ya zo ganin jaririyar da Auta ta haifa, ya tarar da tankar ruwa a ƙofar gida, tiyo ya haura katanga, inji na ruri. Direba na zaune a inuwar taya.

"Kai, saboda durom guda ka kawo wannan ƙatuwar mota?"

Direban ya yi dariya. "Wane durom, Baba? Kubik biyu fa. Lita dubu biyu."

"Ɗari biyu."

"Dubu! Ɗauki akwati, mita a tsaye, mita a kwance, mita a faɗi. Lita dubu yake sha. Kowace lita kuma kilo guda. Durom goma zan ɗora can sama."

Tsohon ya dubi tiyon da ya haura katanga.

"Nawa ya shiga?"

"Ya wuce rabi."

"Kashe injin!"

Bai tsaya ya ga an kashe ba. Ya faɗa gidan ba sallama. Ga tankin can sama, baƙi, ƙato, an shimfiɗa masa katako don gindinsa ya samu wurin zama. Ƙafar da ke ɓangaren ɗakin ta lanƙwashe kamar baka. Fentin jikinta na ɓarewa. Ƙarfen na wani siririn kuka, kukan da ya sani sarai.

Tun da aka kawo Auta gidan nan bai taɓa taka ɗakinta ba. Yau ya banke labule.

"Fito!"

"Baba, lafiya? Yanzu fa na samu ta yi barci..."

Ya sunkuci jaririyar daga gado ya yi waje. Auta ta biyo shi ba takalmi, tana salati. Sai da ya kai su bakin titi ya miƙa mata 'yar.

Injin ya mutu, amma kukan ƙarfen bai daina ba. Makunnin zubar da ruwa yana gindin tankin, sai an hau.

"Baba, kar ka shiga ƙarƙashin abin nan," in ji direba. "Wallahi ko kuɗi aka zuba ban zuwa."

"Ni na haɗa shi."

Ya jingina tsani da bango ya hau. Inuwar tankin ta rufe shi. Makunnin ya ƙi juyawa, tafinsa duk gumi. Wani katako ya ce ƙas a saman kansa. Ya runtse ido ya murɗa da hannu biyu.

Ruwa ya ɓalle masa a fuska. Ya rungume tsanin, yana sauraro ta cikin ƙarar ruwan. Kukan ƙarfen ya ragu. Can ƙarfen ya yi shiru.

Ya sauko sharkaf, tsakar gida ta zama tafki.

"Kada kowa ya shiga ɗakin nan sai na sake ƙafafun," ya ce wa Auta.

Ta miƙo masa jaririyar. Ya dubi hannayensa da rigarsa, duk a jiƙe suke. Ya girgiza kai, ya juya wajen direba.

"Kai. Sake faɗa mini. Lita nawa?"

"Dubu, Baba. Kowane kubik."