Ƙahon Shafi'i da Jijiyar Baba

Wallahi har yau in na ga zabirar wanzami sai raina ya ɓaci.

Babanmu, Malam Ɗayyabu mai hatsi a kasuwar Babura, bara aka sa masa raga a jijiyar zuciya a Kano, wani ɗan ƙarfe mai buɗe hanyar jini. Likita ta ja mana kunne: ƙwayar tsinka jini kullum ce, kar ya kuskura ya tsallake. Ni Zulaikha da hannuna nake miƙa masa, har na koma ɗakina a Roni.

Zafi na shigowa sai ga Shafi'i wanzami, abokin Baba tun suna yara, wai lokacin ƙaho ya yi. Ya tsaga bayan Baba, jini ya ƙi tsayawa. Maimakon ya tattara komatsansa ya ƙyale bawan Allah, sai cewa ya yi, "Ɗayyabu, ƙwayar nan ce ta mayar maka da jini ruwa. Ajiye ta, in ya yi kauri mu ƙarasa." Ji fa! Baba kuwa ga kara, ba ya iya musa wa aboki. Ya ajiye.

A kan buhun gero ya faɗi, dafe da ƙirji.

A asibiti likita ta zura siririyar waya ta hannunsa har cikin jijiyar, mai ɗauko hoto daga ciki. Da suka gama ta kira ni ta nuna min. Ga zagayen ragar nan, ga gudan jini ya cushe tsakiya kamar tsumma a bakin tulu.

"Malama Zulaikha, raga ta zauna daidai," in ji ta. "Wa ya ce ya daina shan magani?"

Ta ƙara da cewa sun buɗe hanyar, amma wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu, ba zai dawo ba. Kasuwa kam sai dai labari.

Na shiga wurinsa ina huci. Ya buɗe ido da ƙyar ya yafito ni. Na sunkuya, na zaci wasiyya ce.

"Zulai, in Shafi'i ya zo dubiya, kar ki gaya masa. Zai ji kunya."

"Haba Baba! Zuciyarka fa!"

"Yi min alkawari."

Washegari Shafi'i ya zo da lemo a leda, har da tambayar me ya jawo. Ni na ba shi kujera. Na durƙusa, haƙorana a datse, na ce masa, "Baba Shafi'i, ikon Allah ne."