Ƙasar da Ba a Tayi Sau Biyu

Raki ta daɗe tana aiki a ɗakin tsofaffi na wani asibiti a Manchester. Ita ce mai wanka, ita ce mai canza zanen gado, ita ce mai lallashin tsohon da ya rantse ba zai ci abinci ba sai matarsa ta zo, alhali matar ta rasu tun bara. Aikin nas kuwa, na allura da magani da wankin ciwo, sai dai ta tsaya daga gefe tana kallo tana haɗiyar yawu. Tun tana 'yar makaranta a Zariya take son zama nas. Ga shi an shiga zamanin tsuke bakin aljihu, an janye tallafin da a da ake ba ɗaliban jinya, duk mai son digiri sai ya ci bashi mai ruwa. Raki kuwa ko sunan riba ta ji sai gabanta ya faɗi.

Ran nan da hantsi Sista, shugabar ɗakin, ta kira ta ofis. Sista baturiya ce mai kirki, amma ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce an ba ɗakinsu gurbi guda ɗaya tak a wani sabon kwas na shekara biyu. Mutum na aiki yana karatu, albashinsa na shiga, asibiti ne zai biya makaranta, in an gama a fito ƙaramar nas mai rajista. Ta ce ita Rakin ce aka zaɓa.

Zuciyar Raki ta yi tsalle kamar ta faso ƙirji. To amma bakin fa? Baki ne da aka rena a gidan da ba a karɓar tayi a karon farko, ko da yunwa za ta kashe mutum. Sai ta sunkuyar da kai, ta ce a'a, ai Celestina ta riga ta zuwa, ita ya kamata a ba. Ta faɗa tana jiran a ce mata haba dai, daure ki karɓa.

Sista ta dube ta da sha'awa, ta ce lallai tana da kyan zuciya. Ta ce to shi ke nan, za ta yi wa Celestina magana. Ta juya ga kwamfutarta.

Raki ta fito. Wannan wace irin ƙasa ce, a yi maka tayi sau ɗaya a naɗe tabarma? Kuma ba ta da bakin ƙorafi, don Celestina ba wadda za a yi wa baƙin ciki ba ce. Mutuniyar Bukuru ce, ta girme ta nesa ba kusa ba, Raki ma Maman Choji take ce mata. Ita ta koya mata yadda ake juya majinyaci ba tare da an karya bayan kai ba, ita ta nuna mata mahaucin da ba ya ha'inci a kasuwar Longsight. In an tashi hutun rana tare suke buɗe kwano, yau gwate gobe dambu, suna hirarsu da Hausa turawa na kallo.

Ranar Asabar Raki ta hau bas zuwa Birmingham, wurin Yaya Hajo, 'yar wan babanta, akanta ce da ke zaune a Balsall Heath. Tunda ƙofa ɗaya ta rufe, bari ta ji ko ta bashin za ta shigu. Ta tarar da ita a kicin tana suyar waina, ta ja kujera ta zayyana mata abin da ya kawo ta, amma ta ɓoye zancen ofis.

Hajo ba ta ajiye cokali ba ta shiga yi mata dalla-dalla. "Digiri a uni shekara uku ne, kuma duk tsawonsu ba albashi. Wa zai biya miki rent? In kin fito kin fi samu, gaskiya ne, kuma loan ɗin ba a fara cirewa sai albashinki ya kai wani mataki. Amma ruwan yana hawa tun ranar da kika karɓa, ba ya jiran ki gama. Ni na san ki, Raki. Duk sujadar da kika yi sai ya faɗo miki a rai."

"Wallahi shi ne damuwata, Yaya."

"Da za ki samu irin wannan sabon kwas na nursing associate, na ƙaramar nas ɗin nan, da an huta. Albashinsa bai kai na cikakkiyar nas ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ba ki ci bashin kowa ba, ba ki bar aiki ba, in kin so daga baya ki ɗora. Sai dai guraben sun yi kaɗan, sai mai uwa a gindin murhu."

Raki ta ƙura wa tanda ido. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "An ba ni."

"An ba ki me?"

"Gurbin. Na ce a ba Maman Choji. Na ɗauka za a sake tambaya ta."

Wainar da ke kan wuta sai da ta ƙone. Hajo ta riƙe haɓa ta ce, "Innalillahi! Kara kika yi wa baturiya? Ke shekara nawa a ƙasar nan? Nan in kika ce kin ƙoshi ɗauke kwano ake yi! In ka je gari ka ga kowa da jela, nemi tsumma ka ɗaura. Ranar Litinin ki koma ki buɗe bakin nan ki ce kina so."

"In karɓe daga hannun Maman Choji? Da wane idon?"

Hajo ta sauke tanda. Ta zuba mata waina a roba, Raki ta ce ta bar shi, Hajo ta harare ta, ta karɓa ba shiri.

Ranar Litinin tun kafin ta rataye jaka aka ce Sista na neman ta. Tana shiga ta tarar da Celestina a tsaye jikin ƙofa, ta harɗe hannu. Sista na ƙoƙarin danne dariya ta ce an sanar da ita cewa a garinsu Raki sai an tambayi mutum sau uku. Ta ce wannan shi ne na biyu, kuma ba ta da lokacin na uku. Tana son gurbin ko ba ta so?

Kun san hali zanen dutse ne. Bakin Raki har ya soma haɗa wata a'a, sai ta ji an mintsine ta a damtse, mintsini mai shiga har ƙashi.

"Ina so," in ji Raki, da ƙarfin da ya ba ta kunya.

Da suka fito ta kama hannun Celestina. "Maman Choji, ke fa?"

"Ni? Dubi gwiwoyin nan. Karatu ya wuce ni, ƙanwata. Ki je ki yi mana."

Raki ta yarda, don tana son ta yarda. Ta shiga karatu ka'in da na'in, rana ɗaya a aji, sauran a ɗakin marasa lafiya. Ta sha wuya, amma kowane ƙarshen wata albashinta na shigowa ba hannun kowa a kai, ta kwanta ta yi barcinta. In ta idar da salla takan daɗe tana gode wa Allah.

Sai da shekara ta zagayo gaskiya ta fito. An sake rage wa asibitin kuɗi, aka ce bana ɗakinsu ba shi da gurbi, baɗi ma ba tabbas. Sista ce ta faɗa wa Raki suna jera magunguna, ta ƙara da cewa Celestina take tausayi, matar da ta yi hunturu biyu tana zuwa ajin yamma don ta samu takardar lissafin da ake nema kafin a shiga kwas ɗin. Ta faɗa ne a zaton Raki ta sani.

Raki ta samu Celestina a ɗakin hutu tana buɗe kwano. Hawaye ya riga maganar fita. "Kika ce mini gwiwa. Ashe kin fi ni so."

Celestina ta ci gaba da neman cokali a jaka. "Gwiwar ma ba ƙarya na yi ba. Amma da Sista ta ce kin ce a ba ni, na san abin da kika yi. Ni ma a irin gidan nan na tashi. Ke aka zaɓa. In na ɗauka don ita ba ta gane ba, ni da na gane fa?"

"To ai ke ma kara kika yi mini, ni kuma na karɓe."

"Tawa ba ta jiran a sake tayi ba ce. Zauna mu ci, zai huce."

Raki ta zauna. Wannan karon ba ta ce ta ƙoshi ba, ta ci gwaten nan tana share ido da bakin mayafi. Godiyar da ke ranta ta fi ƙarfin na gode, Celestina ma ta san haka, shi ya sa Raki ba ta faɗa ba.

Gurbin bai sake dawowa ɗakinsu ba. Ranar da Raki ta fara shigowa da sabuwar rigar aiki, Celestina ce ta leƙo daga bayan labule, da tsohuwar rigarta, tana murmushi har kunne. "Nas, a zo a duba mana ciwon Baba, in mun gama gyara gado."

Raki ta ajiye tiren magani. Ta zagaya ɗaya gefen, ta kama bakin zanen, suka ja tare.