Hannun da Ke Bayan Kwali

Tun da Tabarau ya ajiye kwalin a kan teburin yankan yadin Yaya na kasa zama. In tashi, in zagaya teburin, in dawo in leƙa.

A shagon ɗinkin yayata muka shirya haɗuwa, don ɗakina ba wurin da mutum biyu za su zauna, shi kuma maigidansa a kantin magani ba ya son baƙi. Tabarau abokina ne tun muna aji ɗaya. Shi ya ƙarasa makaranta, ni na gudu na kama kai saƙo a babur. Abin da ya hana mu rabuwa shi ne tara mutum-mutumin jaruman finafinan nan da ake ɗaukowa daga littattafan zane. Yaya 'yan tsana take ce musu, ta ce ba ta taɓa ganin ƙarti masu gemu suna ɗaki da roba ba sai mu.

Wanda ke cikin kwalin shi ne Mai Hannun Tagulla. A fim hannun damansa ne na tagulla. Amma a fitowar farko kamfanin ya yi kuskure ya shafa wa na hagu, aka janye su daga kasuwa, 'yan kaɗan suka kuɓuce. Na Tabarau yana cikinsu. Tagar ledar da ke gaban kwalin fuska da ƙirji kawai take nunawa, hannayen suna ɓoye a bayan takarda. Da lambar da ke gindin kwali ake gane shi, da kuma salatif ɗin kamfani da ba a taɓa ba. A wurinmu ba a buɗe kwali. Ranar da ka yanka salatif, ya tashi daga abin ajiya ya koma abin wasan yara.

Na daɗe ina roƙonsa ya bar min. Sai bana ya yarda, a kan in ba shi guda uku mafi kyau a cikin nawa. Na kawo su a jakar goyo, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara tabaransa, ya miƙo hannu. Muka tafa. A wurin masu tarawa, in an tafa magana ta ƙare.

Sai bayan mun tafa na ɗaga kwalin sama, hasken ƙofa ya bugi gindinsa. Salatif biyu na gani, wani a kan wani. Na ƙasan ya ɗan yi rawaya, na saman fari ne, kuma bai hau daidai ba.

Na san abin da ake yi. A yanka a hankali, a zare na gasken, a saka gama-gari, a mayar da salatif. Wanda ya saya ba zai taɓa sani ba, tunda ba zai buɗe ba.

"Gaggawa, lafiya?" in ji Tabarau. Sunan da yake kirana ke nan. "Ka ƙura masa ido kamar ka ga kunama."

"Babu komai."

"To ajiye shi mana, gumin hannunka zai ɓata kwalin."

Na ajiye. Na sake ɗauka. Yaya ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

"Auta, in fitsari kake ji ka zagaya baya," in ji ta. "Ka ishe ni da safa da marwa."

"Tabarau," na ce, "ka taɓa ƙara masa salatif?"

Ya dube ni ta saman gilashi. "Kamar yaya?"

"Biyu ne a nan."

Ya karɓa ya duba. "Haka ya zo. Wani lokaci injinsu yana maimaitawa, kai ma ka sani."

"Na sani. Amma launinsu ba ɗaya ba ne."

"To me kake so ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Ka ce mana. Bakinka bai saba ajiye magana ba, yau ne zai koya?"

Da na yi shiru a nan, da ya ɗauki jaka ya tafi, ni kuma in kai kwalin ɗaki in yi ta kallonsa ina ƙuna. Na san kaina, ba zan iya ba.

"A wurin wa ka saya?"

"Wani ne ta intanet, na gaya maka tun tuni. Ya turo hoton lambar, na gwada ta da ta mutane, ta yi daidai."

"Lamba a jikin kwali take. Ni abin da ke ciki nake tambaya."

Ya miƙe tsaye. Tabarau ba mai faɗa ba ne, ko a makaranta ni nake tare masa. Amma ranar na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni kake nufi. Ni na zare na saka maka wani. Faɗi a gaban Yaya ta ji."

"Kai, ku dakata," in ji Yaya. "A kan 'yar tsana? Ku buɗe ku gani mana, kowa ya huta."

"Ba a buɗewa!" muka faɗa tare.

"Ikon Allah. Kun sayi abu, ba ku gani ba, ba kwa so ku gani, kuma kuna shirin dambe a kansa. Wallahi in kuka taɓa min yadin mutane sai na ci mutuncinku."

Ba wanda ya yi dariya. Wata mata ta leƙo da leda a hannu, ta ga fuskokinmu, ta ce wa Yaya za ta dawo anjima.

"Mu warware kawai," na ce. "Ka riƙe naka, in riƙe nawa."

"Mun tafa."

"Na sani, amma..."

"In na mayar da shi gida, gobe ka gaya wa kowa a rukuninmu na masu tarawa cewa na so in cuce ka. Ko ba ka faɗa ba za ka riƙa kallona da shi. Ni da kai, Gaggawa? Ni da na ɓoye maka naka a ƙarƙashin gadona lokacin da Babanku ya ce zai ƙona su?"

Kunya ta kama ni, amma idona ya sake komawa kan salatif ɗin. Ya gani. Ina jin wannan kallon ne ya ƙarasa shi.

Ya miƙa hannu ya ɗauki almakashin Yaya, babban nan na yankan yadi.

"Kai, na yadi ne! Zai dakushe!"

Bai ji ta ba. Na riƙe masa hannu.

"Kada ka yi. Na yarda. Wallahi na yarda."

"Ba ka yarda ba. Sake ni."

"In ka yanka ya mutu fa."

"Gara ya mutu da ka ɗauke ni ɓarawo."

Ya fizge. Ko tsayawa tunani bai yi ba. Ya zura bakin almakashin, salatif ya yi ƙyat, ni kuwa na ji kamar a jikina. Ya buɗe murfin, ya jawo tiren roba a hankali, ya tura min gabana ba tare da ya duba ba. Ni yake kallo.

"Ga shi nan. Duba hannun hagun, sannan ka dubi idona."

Na duba. Hannun hagu baƙi ne, safar hannu ce kawai. Tagullar tana dama. Irin wanda ake samu a kowane kantin kayan wasa.

Ganin ban ɗago na dubi idonsa ba ya sa ya sunkuya. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa. Ya ɗago mutum-mutumin ya juya bayansa, kamar hagu da dama za su canza wuri. Sai ya nemi kujera ya zauna a kan tarin ƙyallaye, bai ma lura ba.

Wanda ya san abin da ke ciki ba zai yanka haka ba. Wannan ko ni mai gajen haƙuri na gane.

"Menene?" in ji Yaya a hankali. "Ba shi ba ne?"

Na girgiza kai.

"Kullum da safe sai na goge masa ƙura," in ji Tabarau, ba da kowa yake ba. "Ko labule ba na ɗagawa, kada rana ta taɓa shi."

Ya tura min jakata da ƙafa. "Ɗauki kayanka."

"Mun tafa," na ce. "Naka ne."

"Kada ka raina min hankali. Uku a kan wannan?"

"Kai ka ce an tafa, ba a warwarewa. Kuma ni na sa aka yanka."

"Tausayina kake ji yanzu? Ɗazu ɓarawo, yanzu abin tausayi?"

Ya tashi ya nufi ƙofa, ko sallama bai yi wa Yaya ba, abin da bai taɓa yi ba. Na rarumi jakar na bi shi. Na same shi a bakin titi yana ɗaga wa motoci hannu, ba wadda ta tsaya. Na tayar da babur na tsaya a gabansa.

"Hau in kai ka."

"Wuce."

"Maigidanka zai yi faɗa, ka makara."

Ya yi kamar bai ji ba. Na kashe babur na zauna a kai. Motoci suna ta yi min ham, wani direba ya zage ni, ban motsa ba.

"Na yi kuskure da na zarge ka," na ce. "Ban yi kuskure a kan salatif ba, amma na yi a kanka."

Sannan ya zo ya ɗaga jakar daga bayana, don ba wurin zama in tana nan. Ya rataya ta a kafaɗarsa ya hau.

"Riƙe maka nake yi," ya ce. "Ba karɓa na yi ba."

"To."

"Kuma kada ka yi gudu. Kwalayen za su lotse."