Maɓoyar 'Yan Juyin Juya Hali

Ranar da muka ziyarci gidan da 'yan juyin juya hali suka ɓuya, ranar matata ta rasu.

Ni na matsa mu je, don na sha karanta labarinsa. Yanzu gidan tarihi ne, kuma masu shi suna da wata dabara. Sai su saukar da baƙi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su rufe murfi, su kashe fitila, su kunna faifan takun sojoji da kururuwar mutane, wai mu ɗanɗani tsoron da magabata suka sha.

"To malam, ga ramin da ka ƙarar da idonka a kansa," in ji ta, tana dariya.

Duhu ya rufe mu. Can sai na ji numfashinta ya sauya, yana fita da ƙyar. Na saki hannunta, na lalubi matakala, ina dukan murfin ina ihu a buɗe. Mai gadi yana sama, ya saba jin irin wannan ihun kullum daga faifai. Wani a bayana har cewa ya yi, "Kai, sun iya shiri!"

Daga ƙasa na ji muryarta: "Baban yara, kana ina?"

Na ci gaba da duka, a zatona akwai sauran lokaci. Sai da faifan ya ƙare aka buɗe. Tana jingine da bango, ta damƙe hannun rigar wani baƙo. Ban samu na ce mata ga ni ba.