Tudun Layin Dogo

An ɗaga tudu domin jirgin ƙasa, ba a kai ga shimfiɗa ƙarfe ba, sai mutanen ƙauyukan Daura suka mai da shi hanyar keke da ƙafa.

Da hantsi Hafizu yana tura kekensa a kai, kawunsa Mati na biye. Gero ya yi kore shar hagu da dama, ga goruba jefi-jefi.

"Kawu, daga nan ba abin da mutum ba ya hangowa," in ji Hafizu.

"To, ka hango mutum?"

Hafizu ya duba. Tsakiyar damina ce, amma gonaki babu kowa. Ga garma yashe a kunya, ga ƙwaryar fura a buɗe a inuwa. A ƙasa kuwa sawun babura ne birjik, duk sun nufi ƙauyensu, ba wanda ya dawo.

Kawu Mati ya cire hula, ya naɗe ƙararrawar keken da ita.

"Mu gangara cikin gero," ya ce a hankali. "Duk faɗin wurin nan, mu kaɗai ne a tsaye."