Adireshin Haulatu

Haulatu ba ta jira adaidaita sahu ya gama tsayawa ba ta sauko, ta miƙa wa direba kuɗinsa, ta ratsa masu tallar lemo ta nufi shagon Kalilu mai gyaran waya a bakin kasuwar Daura. Shi ya buɗe mata walat ɗin kirifto, wato asusun kuɗin intanet, bara, lokacin da masu sayen turaren wutarta na Damagaram da Maraɗi suka gaji da aiko sefa ta hannun direbobin iyakar Kongolam.

"Malam Kalilu, ashe haka za mu yi da kai?"

"Hajiya, ko sallama babu? Ga benci."

Ta yi sallamar a gajarce, ba ta zauna ba.

"Jiya a gidan suna ƙawata Ikilima ta ja ni gefe tana dariya, wai tana taya ni murna kasuwa ta buɗe. Ta faɗa min sau nawa kuɗi suka shigo min a makon nan, har da na ranar Talata. Ko maigidana bai san wannan ba. Kuma ni da kai kaɗai muka taɓa buɗe walat ɗin nan."

Kalilu ya ajiye wayar da yake kwancewa. "Kalmomin sirrin nan sha biyu da na ce ki rubuta ki ɓoye, kin nuna wa wani?"

"Suna ƙasan akwatina, cikin kwallar da na gada wajen Inna."

"To kuɗinki lafiya lau suke. Adireshin da ake biyan ki ta shi fa, ta ina kike ba mutane?"

"Yana kan shafina na WhatsApp, ƙarƙashin hoton turare."

Ya yi murmushi, ya ɗauko tasa wayar, ya kwafi adireshin daga shafin nata, ya saka a wani wurin bincike, ya juyo mata fuskar. Ga cinikinta nan a jere, kowanne da ranarsa da lokacinsa.

"Duk wanda ya samu adireshin nan zai ga abin da ya shiga da abin da ya fita," in ji shi. "Ba zai iya taɓa ko sisi ba, kuma ba ya ganin suna. Sai dai ke da kanki kin manna sunanki a kai."

Sai a lokacin ta zauna. Ta daɗe tana kallon wayar, can ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Idan dangin mijina suka koyi wannan dabarar kafin bikin wata mai zuwa, na shiga uku. Gudummawar da za a yanka min sai ta kai kuɗin bijimi. Ka yafe min, Malam Kalilu."

"Ba komai. Kawo wayar."

Ya nuna mata yadda za ta fitar da sabon adireshi a cikin walat ɗin. Gida ɗaya ne, in ji shi, ƙofofi ne da yawa. Kowace mai saye a ba ta nata a asirce, kada a sake liƙa shi a shafi. Kafin babban ciniki, a fara turo ɗan kaɗan a ga ya iso. Ta gwada da hannunta sau biyu, ta yi kuskure sau ɗaya, sannan ta goge tsohon daga shafinta.

Kalilu ya koma kan aikinsa. Ita kuma ta tuna Ikilima ma tana sana'ar sayar da mayafai, kuma nata adireshin na nan a kan shafinta. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ta kwafe shi tana murmushi, ta saka a wurin binciken.

Cinikin Ikilima layi huɗu ne kawai. Na ƙarshen tun kafin babbar sallah, wata biyar ke nan. Haulatu ta tuna irin dariyar da Ikilima ta yi jiya, da leshin nan ruwan toka da ta gan ta da shi a taro uku a jere. Ta rufe shafin.

Ta lalubo lambar Hajiya Adama, babbar mai sayen kayanta a Damagaram, ta danna ɗaukar murya.

"Hajiya, barka da rana. Kwanaki kin ce kina neman mayafai na kirki don shagonki. Akwai wata 'yar'uwata a nan Daura, kayanta ba su da na biyu. Zan haɗa ku yau in sha Allah."

Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Malam Kalilu, gobe zan kawo maka Ikilima ka yi mata irin nawa. Amma kada ka ce mata na duba."

"Duba me?" in ji shi, bai ko ɗago kai ba.